A ba mu wurin yada zango a Yankari

Duk lokacin da aka tayar da zancen farfaɗo da yawon buɗe ido a arewacin Nijeriya, abin da yake fara fitowa daga bakin mahukunta shi ne gini. Za a yi ta maganar sababbin ɗakunan kwana masu na'urar sanyaya ɗaki, da babban zauren taro, da ƙaton janareta, da kwalta har bakin ƙofa, kamar dai abin da ya hana mutane shiga daji shi ne rashin otal a cikinsa. A ganina an juya lissafin. Abin da gandun daji irin na Yankari ya fi buƙata a yau shi ne fili mai tsafta da tsaro, inda mutum zai kafa tantinsa, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya dafa abincinsa, ya kwana biyu ko uku, sannan ya naɗe kayansa ya tafi, bai bar wa dajin komai ba in ban da kuɗin da ya biya a ƙofa. Wannan ne ra'ayin da nake son karewa, ina kuma sane da cewa masu sukarsa suna da hujjojin da ba na wasa ba.

Yankari tana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe ta a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, sannan ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244, amma kusan duk wanda ya ce maka ya je Yankari, abin da yake nufi shi ne ya je Wikki, wato sansanin da yake da tazarar kimanin kilomita 40 daga ƙofar Mainamaji, inda ɗakunan kwana suke, inda kuma maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan take, wadda zafinta ba ya gusawa daga digiri 31 rani da damina, tana kwarara zuwa Kogin Gaji. Baƙo zai yi wanka, ya ɗauki hoto, a ɗan zagaya da shi a mota, in ya yi sa'a ya ga giwa ko ɓauna ko gwanki, in bai yi ba ya tsira da gwaggon biri da gadu, washegari ya kama hanya. Kogwannin Marshall guda 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da 130 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin wuraren narkar da tama, duk suna nan, amma ziyarar wuni guda ba ta isa mutum ya tsaya a kansu ya yi nazari. Wanda zai san daji sai ya kwana a cikinsa fiye da sau ɗaya, kuma ba kowa ne zai iya biyan kuɗin ɗaki na kwana uku shi da iyalinsa ba.

Batun kuɗi shi ne hujjata ta farko, kuma fuska biyu gare shi. Gini a tsakiyar daji yana da tsada, amma riƙe shi ya fi gina shi tsada. Dole a kai man dizal daga gari, a gyara famfo, a gyara na'urar sanyaya ɗaki, a yi fama da gara da ƙurar hunturu da yoyon damina, a kuma biya ma'aikata har a watannin da ciyawa take yin tsawo, dabbobi su watsu, baƙi su ɗauke ƙafa. Gwamnati tana zuwa ta gina, wata ta zo ta ga ba aikinta ba ne, sai ginin ya zauna yana jiran kwangilar gyara. Wurin kafa tanti kuwa ba ya neman abin da ya wuce shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai inuwa, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da masai mai kyau, da ɗakin ajiyar abinci mai ƙofar ƙarfe, da rumfar masu gadi. Idan damina ta faɗi a rufe shi, ciyawa ta rufe sawun mutane, ba a yi asarar komai ba. Ta ɓangaren baƙo kuma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai yana cinye rabin abin da malamin makaranta ko tela zai iya warewa don irin wannan tafiya. In aka sauƙaƙa masa wurin kwana, aka bar shi ya zo da garinsa da mansa da ƙuli-ƙulinsa, to an buɗe masa ƙofar da take rufe a gare shi a yanzu.

Akwai kuma abin da janareta yake kashewa wanda ba ya cikin lissafin dizal. Namun daji da yawa da dare suke fita kiwo da shan ruwa, ƙara da hasken lantarki suna kore su zuwa nesa, shi kuma baƙon da ya baro Kano ko Kaduna saboda hayaniya sai ya tarar an kawo masa ita har cikin kurmi. A watannin hunturu ma, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, bargo ake nema da asuba. Sai a watannin bazara ne zafi yake zama matsala, shi ma gidan sauro a ƙarƙashin itaciya ya fi ɗakin kwano da wuta ta ɗauke a cikinsa.

Suka ta farko da nake ji, kuma ita ce ta fi taɓa ni, daga bakin dattawan da suka tashi a ƙauye take fitowa. Mutum zai ce maka a bukka aka haife shi, da aci-balbal ya yi karatu, ya sha ruwan tafki, ya yi fafutuka har Allah ya fitar da shi, yanzu kuma a ce ya biya kuɗi ya koma ya kwanta a ƙasa? Wani kuma zai tuna maka cewa a ƙasar da dubban iyalai suke zaune cikin tantuna a sansanonin gudun hijira na Borno da sauran wurare, kwanan tanti don nishaɗi yana kama da ba'a. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba, kuma ina ƙin jin masu ƙawata talauci suna kiransa sauƙin rayuwa, alhali su ba su taɓa kwana da yunwa ba. Amma ba don wancan dattijo nake wannan roƙo ba, domin shi ya riga ya san daji, ya san kirya daga marke, ya san kukan da tsuntsu yake yi in ya ga maciji. Jikokinsa nake ji, waɗanda aka haifa a Hotoro ko Unguwar Rimi, waɗanda suke shan kunun tsamiya ba su taɓa ganinta a jikin itaciya ba. Nan da shekara ashirin su ne za su zama kwamishinoni da 'yan majalisa da za a kawo wa takardar yanka gandun daji a raba filaye, kuma mutum ba ya jin zafin rasa abin da bai taɓa sani ba.

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ba sai mun aro shi daga Turai ba. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu yana gaba, suna yada zango daga wannan mashaya zuwa waccan. Ayarin gishiri har yau yana ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma. Makiyayi yana kafa mashekarinsa ya tashe shi cikin wuni guda, manomi yana kwanan gona lokacin da hatsi ya nuna, maharbi yana kwana a kan reshe. Waɗannan mutane sun san inda ake sauka da inda ba a sauka: ba a kwana a gaɓar ruwa saboda sauro da dabbobin da suke zuwa sha, ba a kwana a cikin busasshen rafi ko da sama tana tas, ba a shimfiɗa kusa da suri ko tarin duwatsu. Wannan ilimi yana nan a ƙauyukan da suke kewaye da kowane gandun daji, kuma ya fi abin da ke cikin littattafai dacewa da ƙasarmu.

Sai dai akwai wani bambanci tsakaninmu da su wanda in ba mu lura da shi ba, gara a bar dajin a rufe. Duk abin da bafatake ya yar a zango ruɓewa yake yi. Ƙwarya ce, ganye ne, tabarmar kaba ce, igiyar rama ce, damina ɗaya ta ishe su komawa ƙasa. Saboda haka ɗabi'ar jefar da abu a inda aka gama da shi ba ta cutar da kowa a wancan zamani, mu kuma sai muka gaji ɗabi'ar, muka sauya kayan. Yau abin da muke yarwa ledar fiya-wata ce, da robar lemo, da mazubin abinci na roba, da ƙunzugun jarirai na zamani, waɗanda za su fi wanda ya yar da su daɗewa a duniya. Duk mahaucin da ka tambaya zai ba ka labarin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin saniya ko akuya, kuma cikin gwanki ko mazo ba shi da wata kariya da cikin akuya ba shi da ita. Wanda yake son ganin abin da zai faru da sansanin da ba shi da doka, ya je kowane filin idi ko bakin dam bayan bikin sallah ya duba.

Don haka sharaɗin farko shi ne leda ba ta shiga. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta hana a 2017, sannan daga watan Yunin 2020 ta hana shiga gandun dajinta da bakin tekunta da duk wata robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Nijar ma ta yi dokar hana leda a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maradi ko Damagaram ya san doka a takarda daban take da doka a aikace. Abin da ya sa nake ganin za a iya a Yankari shi ne hanyar shigar baƙi ɗaya ce. Abin da ya gagara a kasuwa mai ƙofa goma ba zai gagara a ƙofar Mainamaji ba. A duba kayan kowane ayari, a juye ruwa a jarka, a ƙirga robobi da gwangwanayen da ba makawa sai an shiga da su, a karɓi kuɗin ajiya, in an fito da su cif a mayar wa mutum kuɗinsa. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin haka masu sayar da lemon kwalba suke yi tun muna yara, kuma ba a taɓa ganin kwalba tana yawo a kwata ba. Abincin tafiya kuwa mun fi kowa shi: kilishi, dambun nama, dakuwa, dabino, aya, garin kwaki, fura, duk ba su neman firiji, ba su kuma neman leda in akwai kwano mai murfi.

Birai wata aba ce. Duk wanda ya sauka a Wikki ya san gwaggon birin wurin ba ya tsoron mutum, yana fizge abinci daga hannu, yana shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Mutane suna dariya suna ɗaukar bidiyo, alhali abin da suke kallo ɓarna ce da baƙi suka yi da hannunsu shekara da shekaru, ta hanyar jefa wa dabbar burodi don ta matso a yi hoto. Dabbar da ta koyi cewa jikin mutum akwai abinci takan zama mai haɗari, kuma ƙarshenta ita ake kashewa. A sansanin tanti, inda babu bango, ba za a yi sassauci a nan ba: abinci yana kwana a ɗakin ajiya, sauran tuwo ba a zubar da shi a bayan itaciya, wanda aka kama yana ciyar da dabba a sallame shi a ranar.

Wuta ita ce na fi jin tsoro, ita ce kuma mutane za su fi yi wa gardama, saboda a tunanin yawancin matasa kwanan daji ba ya cika sai an tara itace an hura wuta har tana lasar sama. Lokacin da ya fi daɗin zango shi ne lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus, iskar hunturu tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abin da ido ba zai iya gani ba. Ko gobara ba ta tashi ba, ayari hamsin da kowanne zai ƙone dami uku a dare sun isa su share busasshen itacen da ke kewaye da sansani cikin 'yan makonni, daga nan sai a koma kan ɗanye. Shi kuwa kututturen da ya faɗi yana ruɓewa ba shara ba ne, gidan ƙwari ne da ƙadangaru da tsuntsaye suke ci, shi ne kuma takin da yake mayar wa ƙasa ƙarfinta. Mun ga abin da cinikin gawayi ya yi wa kirya, mun ga abin da 'yan katako suka yi wa madobiya a Taraba cikin 'yan shekaru, bai kamata mu ƙara wa daji wani mai cin itace da sunan ƙaunar muhalli ba. Girki a yi shi da ƙaramar tukunyar gas. Wutar hira kuwa a yi mata murhu ɗaya na dindindin a tsakiyar sansani, a share kewayensa, a kawo itacen daga wajen gandun, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni kada a bar wuta tana ci a gida in za a yi barci, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma in haka ne a gida mai katanga, ina ga tsakiyar busasshiyar ciyawa.

Haka batun kewayawa, wanda ake jin nauyin faɗa amma shi ne yake fara ɓata wuri. A hadisin da Muslim ya ruwaito an yi gargaɗi a kan yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwarsu, ruwayar Abu Dawud kuma ta ƙara da mashayar ruwa. In ka duba ƙa'idojin da Amurkawa suka tsara wa masu kwanan daji, wuraren nan uku dai su ne suke kiyayewa, sai dai sun sa musu awo: a yi nisan kimanin mita 60 daga ruwa da hanya da wurin kwana, a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a binne. Wannan ya wadatar ga mutum biyu ko uku da suke tafiya a ƙafa, amma ga sansanin da ɗalibai arba'in za su sauka, masai ne kawai mafita, a gina shi nesa da rafi, a kuma ɗauki wanda zai riƙa kula da shi a biya shi da kyau. Sabulu da omo ba sa shiga ruwan da dabbobi da mutanen da ke ƙasan kogi suke sha. A ɗebo a bokiti, a matsa nesa, a yi wanka da wanki a can. Mai buta ya riga ya saba da wannan tsari, tunatarwa kawai yake buƙata.

Yanzu na zo kan abin da nake ganin shi ne zai raya wannan shiri ko ya kashe shi, wato maƙwabtan dajin. Ƙauyukan da suke kewaye da Yankari su ne suke biyan farashin gandun. Giwa takan fito ta tattake gonar mutum a dare ɗaya, an hana shi farauta inda kakansa ya yi, makiyayi kuma in ya shigar da shanunsa za a kama shi. Dokokin nan suna da dalili, domin in babu su da tuni giwayen Yankari, waɗanda suna cikin kaɗan da suka rage a Nijeriya, sun ƙare. Amma a tsaya a dubi yadda abin zai kasance a idon wannan makiyayi: an tashi bukkarsa saboda yana ɓata daji, sai ga ɗan birni ya zo da mota ya kafa tanti a wurin, masu gadi suna tsaye a kansa. In har kwanan ɗan birnin bai kawo wa ƙauyen komai ba, to ƙiyayya kawai aka shuka, kuma mai jin haushin daji shi ne yake nuna wa ɓarawon haure hanya.

Wasu ƙasashen Afirka sun gwada maganin wannan. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba wa al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin amfaninsu, kuma a yau irin waɗannan yankuna sun haura 80, da yawansu suna da sansanonin tanti da mutanen ƙauye suke gudanarwa da kansu. Ruwanda tana ware wa ƙauyukan da ke gefen gandunanta wani kaso na kuɗin shiga, wanda ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 10 cikin 100 a 2017. Abin da ya sa sansanin tanti ya fi otal dacewa da irin wannan tsari shi ne kusan duk abin da yake buƙata akwai shi a ƙauye. Otal daga Bauchi ko Jos yake sayo kayansa da ma'aikatansa. Sansani kuwa tabarma yake nema da zana da itace da ƙwai da nono da masa, da mai ɗaukar kaya, da mai nuna hanya, kuma babu mai nuna hanyar da ya kai tsohon maharbin da ya ajiye bindiga. A rubuta kason ƙauye a fili, a riƙa liƙa shi a ƙofar shiga da ƙofar fadar hakimi, domin kuɗin da aka ce na al'umma ne amma ba wanda ya san adadinsa, mun san inda yake ƙarewa.

Suka mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba ni da niyyar rufe ta da kalamai masu daɗi. Sambisa gandun namun daji ce kafin ta zama abin da duniya ta san ta da shi. Kamuku a Birnin Gwari ta daɗe da fin ƙarfin mai yawon buɗe ido, gandun Kainji ma 'yan bindiga sun shige shi, Falgore ta sha yin ƙaurin suna. A Nijar, ranar 9 ga Agustan 2020, aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan ƙasar biyu, a wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa. Yankin Alkaleri kansa ya ga hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan. Saboda haka duk wanda ya karanta cewa a Norwe doka tun 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a daji har kwana biyu, muddin ya yi nisan mita 150 daga gidan mutane, ya yi sha'awa ya bar abin a can. A nan ba mai shiga daji da kansa ya sauka inda ya ga dama. Wurin sauka sananne ne, an rubuta sunan kowa a ƙofa, masu gadin daji ɗauke da makamai da na'urar oba-oba suna kwana tare da baƙi, kuma duk ranar da rahoto ya nuna akwai motsi, a rufe, a gaya wa mutane gaskiyar dalili.

Ana yawan cewa zuwan baƙi yana korar miyagu daga daji. Akwai gaskiya a ciki, domin dajin da ake shiga ana fita, ake gyara hanyoyinsa, ake biyan masu gadinsa a kan lokaci, ya fi wuyar mamayewa a kan wanda aka yi watsi da shi. Amma kada a juya maganar a mayar da ɗalibai garkuwa. Sintiri ne yake zuwa da farko, tanti ya biyo baya, kuma wani ɓangare na kuɗin tantin ya tafi kai tsaye ga alawus da takalma da man babur na masu sintirin.

In ana son iyalai su zo, kuma su ne suka fi cancanta, sai an tsara wurin da al'adarmu a zuciya. Magidanci ba zai kai matarsa da 'ya'yansa mata filin da kowa yake kallon kowa ba. A ware ɓangaren iyali, a kewaye shi da zana, a yi masa makewayinsa daban, a share wurin salla, ɗalibai mata su zo da malamansu mata. Lasifika da kiɗan dare kuwa a bar su a gari, domin akwai wuraren biki isassu a can. Sauran haɗurran na daji ne da aka sani: sauro, da tsando a bakin kurmi, da kunama, da maciji. Gidan sauro da doguwar riga da tocila da kakkaɓe takalmi da safe suna maganin mafi yawansu, amma kububuwa ba a yi mata dabara, kuma ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe mai maƙwabtaka ba. Kada a buɗe sansani ko ɗaya sai an tabbatar akwai allurar maganin dafin maciji a Wikki da motar da za ta ɗauki mutum a kowane lokaci na dare.

Mota ma a tsare ta a kan hanyarta. Itaciyar nan ta Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada ayari suna sauka a gindinta ba sa karya reshenta, direban babbar mota ne ya buge ta a 1973, yanzu gawarta tana gidan tarihi a Yamai.

Ba na neman a fara da babban shiri, hasali ma babban shiri nake gudu, domin shi ne yake zama kwangila. A zaɓi wuri uku da ba su yi nisa da Wikki ba, a ƙayyade yawan mutanen da kowanne zai ɗauka a dare, a buɗe su daga Nuwamba zuwa Afrilu, a riƙa hutar da ɗaya duk shekara don ƙasa ta farfaɗo. A fara da makarantun sakandare da jami'o'i, tunda akwai 'yan sikawut da cibiyar horar da matasa ta Tsaunukan Shere kusa da Jos, waɗanda suka daɗe suna koyar da kafa tanti da tafiyar ƙafa. A kuma tura ma'aikata gandun dajin Gashaka-Gumti su gani, domin masu hawa Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419, a tanti suke kwana tare da 'yan rakiya da masu ɗaukar kaya daga ƙauyukan yankin. In rani ya ƙare, hukumar gandun ta fito ta faɗi mutum nawa suka kwana, buhun shara nawa aka kwashe a bayansu, gobara nawa ta tashi, da naira nawa ta isa Mainamaji da sauran ƙauyuka. Waɗannan alƙaluma huɗu su ne za su nuna ko a ƙara wuri na huɗu a shekara mai zuwa, ko a rufe ukun.